Ɗan cocin kan tudun Ronchamp: wa ya cancanci zana ɗakin addu'a?

Bitrus (ɗalibin zanen gine-gine, Zariya):
Jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Hotunan da na saka na wani ɗan cocin Katolika ne a gabashin Faransa, kan tudun Bourlémont da ke bisa garin Ronchamp, ba nisa da Belfort. Sunansa Notre-Dame du Haut. An buɗe shi ranar 25 ga Yuni, 1955, kuma Le Corbusier ne ya zana shi. Cikinsa bai fi cin mutum 200 ba, amma duk wanda ya karanta zanen gini a duniya sai an koya masa shi.

Tudun ya daɗe yana karɓar masu ziyarar ibada saboda Maryamu, tun ɗaruruwan shekaru. Tsawa ta faɗa wa tsohon cocin a 1913 ya ƙone, aka sake ginawa, sai kuma igwa ta rusa shi a 1944 lokacin da sojojin Faransa da na Jamus suka gwabza a kan tudun. Wannan da kuke gani a kan kangon aka tayar da shi.

Abin da ya sa na kawo maganar: mutumin da ya zana shi ba Katolika ba ne. An haife shi a Suwizalan a 1887, a gidan Furotesta, kuma da ya girma ba mai zuwa coci ba ne. Ni dai a ganina ban taɓa ganin ginin da ya fahimci addu'a kamar wannan ba. Ina son jin ta bakin manya.

Katikis Yohanna (Kafanchan):
Ɗana Bitrus, na duba hotunan da kyau. Da ba ka faɗa ba, ba zan ce coci ne ba. Bango ya karkace, rufi ya lotsa kamar zai faɗo wa mutane, tagogi kowace da girmanta. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni shi ne wanda aka ba aikin. Sarki Dawuda da kansa an hana shi gina Haikali saboda jinin da ya zubar, aka bar wa Sulemanu. Bezalel da ya yi aikin alfarwa, a Littafin Fitowa an ce an cika shi da Ruhun Allah kafin ya taɓa komai. To yaya za a ɗauki ɗakin Uwar Ubangijinmu a miƙa wa wanda bai durƙusa ba? Duk Faransa babu mai bi guda ɗaya da ya iya zane?

Alhaji Sule Magini (Kano):
Salamu alaikum. Baba Katikis, ni Musulmi ne, kuma da hannuna na zuba rufin kankare na wani coci a Sabon Gari. Kafintan da ya yi mana rufin masallacin unguwarmu Kirista ne. Babu wanda ya ce sallarmu ba ta karɓu ba saboda shi.

Katikis Yohanna:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma ba ɗaya ba ne. Kai an ba ka takarda ka bi. Shi kuwa shi ne ya yanke inda bagadi zai zauna, inda haske zai faɗo, inda mai addu'a zai sa gwiwarsa. Aikin hannu daban, wannan daban.

Mama Saratu (Besançon, Faransa):
Baba Katikis, ina gaisuwa. Ni Katolika ce, kuma Ronchamp a ƙarƙashin dayosis ɗinmu yake, na hau tudun nan na yi addu'a a ciki. Bari in fara da nassin da ka kawo. Shi Sulemanun, wa ya sare masa itacen al'ul? Mutanen Hiram sarkin Taya ne, kuma Sulemanu da bakinsa ya ce babu wanda ya iya saran katako a cikinsu kamar Sidoniyawa. Ba masu bautar Allahn Isra'ila ba ne.

Sannan ba a miƙa masa aikin an juya baya ba. Da farko ma ƙi ya yi. Fada Lucien Ledeur na kwamitin gine-ginen dayosis shi ya yi ta binsa har ya yarda ya zo ya ga wurin a watan Yunin 1950. Akwai kuma Fada Marie-Alain Couturier, ɗan ɗarikar Dominikan, wanda ra'ayinsa a fili yake: gara coci ta nemi gwani ko da ba mai bi ba ne, da ta ba mai bi wanda bai iya ba. Ya rasu a 1954 bai ga an gama ba. Shi kuma Le Corbusier ya zauna ya karanta yadda ake ibadar Katolika, ya tambayi limamai, ya bincika tarihin ziyarar tudun.

Ga abin da ya nuna mini cewa ya saurara. Ranakun 15 ga Agusta da 8 ga Satumba mutane dubbai ke hawa tudun. Sauran ranakun shekara kuwa sai ka samu masu ibada biyar ko goma. Wani zai gina ƙaton coci ya zauna fanko wata goma sha ɗaya. Shi sai ya yi ciki ƙarami, ya mai da bayan bangon gabas wani cocin na fili: ga bagadi, ga mumbarin wa'azi, ga wurin mawaƙa, rufin ya miƙo ya yi musu rumfa, ciyawar tudun ita ce wurin zaman jama'a. Siffar Maryamu ta katako, tsohuwa, wadda ta tsira daga rushewar, ya saka ta a wata taga can sama cikin bangon, na ciki suna ganinta, na waje suna ganinta. Baba, wanda bai damu da masu ibada ba ba zai yi wannan tunanin ba.

Alhaji Sule Magini:
Ni rufin ne ya hana ni sakat. Na ƙara girman hoton, sai na ga haske tsakanin bango da rufi, siriri, ya bi saman bangon. Rufin kankare mai wannan kauri, me ke ɗauke da shi?

Injiniya Hadiza (Kaduna):
Alhaji, ido ne yake ruɗarka, kuma da gangan aka yi. Rufin ba curi ba ne, cikinsa rami ne. Fata biyu ce ta kankare, ta sama da ta ƙasa, kowace kaurinta santimita 6 kacal, tsakaninsu kuwa mita 2.26, an haɗa su da haƙarƙarin kankare daga ciki, irin yadda ake ƙera fiffiken jirgin sama. Le Corbusier da kansa ya ce ƙoƙon ƙaguwa da ya tsinta a bakin teku a Long Island ta Amurka a 1946 shi ya ba shi dabarar.

Nauyin kuma ba bango ke ɗauka ba. Akwai ginshiƙan kankare da rodi a ɓoye cikin bangon, su ne suka leƙo sama kaɗan suka tallafi rufin. Shi ya sa aka iya barin tazarar kamar santimita 10 aka sa gilashi, haske yake shigowa.

Bangon kudu ma haka. A gindinsa ta wani gefen kaurinsa ya haura mita 3, amma ba cike yake ba. Firam ne na kankare, aka shimfiɗa ragar ƙarfe, aka fesa siminti da inji, aka shafe da farar ƙasa. Sauran bangayen kuwa da duwatsun tsohon cocin da aka rusa aka cike su. Dalili a fili yake: a lokacin babu hanyar kirki da babbar mota za ta hau tudun da kaya, ga duwatsu zube a wurin, ga kuɗi ba yawa.

Alhaji Sule Magini:
Santimita 6! Kuma a lanƙwashe. To wallahi kafintocin da suka buga katakon zubin nan su ne gwanaye. Duk wanda ya taɓa zuba baka guda ɗaya ya san abin da nake nufi. Na ga ma ba su yi wa rufin filasta ba, sawun katako na nan a jikinsa.

Injiniya Hadiza:
Haka ne, an bar shi yadda ya fito daga katako, launin toka, bangon kuma fari fat mai kaushi. Ka duba hoto na huɗu, bangon yamma. Duk ruwan saman da ya sauka a rufin wuri guda yake gangarowa, ya fito ta wani ƙaton indararo mai baki biyu, ya zuba a kwatamin kankare a ƙasa. A kan tudun ruwa wuya yake, don haka tara shi ake yi.

Malam Nasiru (malamin tarihi, Katsina):
Tunda an zo kan farin bango da ƙananan tagogi, akwai abin da ya kamata a faɗa. A 1931 Le Corbusier ya je kwarin Mzab a Saharar Aljeriya, garin Gardaya da maƙwabtansa, inda Musulmi Ibadawa suka yi garuruwansu kusan shekara dubu da ta wuce. Ya koma a 1933, ya kalli wurin daga jirgin sama, ya cika littattafan zanensa. Ku nemi hoton masallacin Sidi Brahim da ke El Atteuf ku ajiye kusa da bangon kudun Ronchamp: bango mai kauri, fari, ba miƙaƙƙe ba, ramukan haske manya da ƙanana ba a jere ba. Masana sun daɗe suna kwatanta su. Abin da ke ci mini rai shi ne sunan Bature ya cika duniya, maginan Mzab kuwa ba mai ambatonsu.

Bitrus:
Malam, na yarda Mzab na cikin ginin, kuma ya kamata a riƙa faɗa a aji. Amma ba ita kaɗai ba ce. Hasumiyoyin nan uku, da suke kamar rumbun da aka tsaga biyu, daga Italiya ya ɗauko dabararsu. A 1911 yana saurayi ya zana wani kango a fadar sarki Hadrian da ke Tivoli, inda haske ke sauka ta rami daga sama zuwa cikin duhu. Kusan shekara 40 zanen yana ajiye kafin ya yi amfani da shi. A ƙarƙashin kowace hasumiya akwai ɗan ƙaramin bagadi. Babbar tana kallon arewa, haskenta baya canzawa sosai. Ƙananan biyun sun ba juna baya, ɗaya ta kama hasken safe, ɗaya na yamma.

Malam Nasiru:
Ban ce ya kwafa ba, Bitrus. Cewa na yi ya sha daga rijiya, a faɗi sunan rijiyar. Ta Italiya kullum ana faɗa.

Wani abu kuma. Dalar duwatsun nan da ke gefen fili, an yi ta ne da ragowar duwatsun tsohon cocin domin tunawa da sojojin da suka mutu a kan tudun a 1944. Rundunar Faransa da ta yi yaƙi a wannan yankin cike take da 'yan Afirka, na arewa da na kudu da Sahara. Duk ɗan Afirkan da ya hau wurin, Musulmi ko Kirista, yana da dalilin tsayawa a gabanta.

Mama Saratu:
Gaskiya ne Malam. Kuma garin da ke maƙwabtaka da Ronchamp, Champagney, mutanensa ne a 1789 suka rubuta wa sarkin Faransa suna neman a daina bautar da baƙar fata. Manoma ne da masu haƙar gawayi. Akwai gidan tarihi a garin saboda haka.

Katikis Yohanna:
'Yata Saratu, duk na ji. Amma ki faɗa mini abu guda tsakaninki da Allah. Da kika shiga, addu'a kika yi ko kallo?

Mama Saratu:
Da farko kallo, Baba, kamar kowa. Daga waje fari ne yana ƙyalli, kana shiga sai duhu da sanyi, sai idonka ya ɗan jima kafin ya saba. Daɓen ba a daidaita shi ba, ya bi gangaren tudun, ƙafarka da kanta take kai ka wajen bagadi. Kujerun katako a gefe guda kawai suke, sauran wurin fili ne na tsayuwa. Tagogin bangon kudu daga waje ƙananan ramuka ne, daga ciki kuwa sun buɗe baki, wasu har mutum zai iya zama a ciki. Gilasan akwai ja, akwai shuɗi, akwai ruwan ɗorawa da kore, kuma da hannunsa ya yi rubutu a kan wasu, kalmomin gaisuwar mala'ika ga Maryamu da sunayen yabonta, irin su tauraruwar asuba. Rubutun ba na gwanin rubutu ba ne, hannu ne kawai na mutum.

Inda na yi addu'a shi ne ƙarƙashin hasumiyar da aka shafa wa jan fenti. Wurin ƙunci ne, ba ka ganin tagar, hasken kawai kake gani yana gangarowa ta jikin bango mai kaushi, ja wur, har kan bagadin. Na ɗauko carbina na yi Rosari a nan. Wata tsohuwa 'yar garin tana gefena da kyandir, ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli rufin ba. Ita cocinta ta zo.

Katikis Yohanna:
To wannan tsohuwar ita nake tambaya a kai. Ita aka gina wa, ko masu kyamara?

Bitrus:
Baba, a nan kam tambayarka tana da ƙarfi. Lokacin da aka nuna zanen, da yawa cikin mutanen garin ba su so ba, tsohon cocinsu mai dogon tsini suke so a mayar musu. Abokan sana'arsa ma sun yi masa ca. Mutumin da ya ce gida inji ne na zama, ya shekara talatin yana wa'azin miƙaƙƙen layi, sai ga shi da bango mai lanƙwasa. James Stirling, wani mai zanen gini na Ingila, ya yi rubutu a 1956 yana cewa ginin alama ce ta rikicin da tsarin gini na hankali ya shiga. Yau kuma, tun da UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2016 tare da wasu ayyukansa, jimilla 17 a ƙasashe 7, masu zuwa kallo sun fi masu zuwa addu'a yawa nesa ba kusa ba.

Ladi (Jos):
Ni abin da ban gane ba, an ce sai an sayi tikiti ake shiga. Ɗakin addu'a da tikiti?

Mama Saratu:
Ladi ƙanwata, maziyarta suna biya, gaskiya ne, kuma ni ma abin ba ya mini daɗi. Amma ki san dalili. Yawancin tsofaffin cocin Faransa, tun dokar 1905, mallakar hukumar gari ne ko gwamnati, su ke gyarawa. Wannan ba haka yake ba. Bayan juyin juya halin Faransa an sayar da tudun, sai iyalai kusan 40 na Ronchamp suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1799 don kada ibada ta mutu a wurin. Har gobe ƙungiya ce mai zaman kanta take riƙe da shi. Garin kuma ba na masu kuɗi ba ne, garin haƙar gawayi ne, ramukan an rufe su a 1958, shekara uku bayan buɗe cocin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Hadiza:
Kuma gyaran kankaren wancan zamanin ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Ya tsufa, ya yi tsage, ruwa na shiga ya taɓa rodi, ga sanyin ƙanƙara duk shekara. Ba kowane birkila za a kira ba, sai an gwada siminti an dace da na asali.

Ga kuma tsaro. A Janairun 2014 ɓarayi sun fasa ɗaya daga cikin gilasan da ya zana da hannunsa, mai hoton wata, wanda ke ɗauke da sa hannunsa, suka shiga suka fitar da akwatin baiko na kankare. Gilashin ya yi rugu-rugu. Saboda 'yan kuɗin baiko aka yi wannan asarar.

Bitrus:
Wannan ya kawo mu rigimar da ta fi zafi. Masu riƙe da wurin sun ga cewa in ba a yi wani abu ba, tudun zai koma wurin yawon buɗe ido zalla. Sai suka gayyaci sistoci na ɗarikar Santa Kilara su zo su zauna a kan tudun, suka ba Renzo Piano na Italiya aikin zana musu gida da sabon wurin karɓar baƙi. Duniyar masu zane ta rabu biyu, aka yi ta sa hannu a takardun ƙorafi a 2008, wasu na cewa a hana, wasu na cewa a bari. An gama a 2011. Ya tura ɗakunan cikin gangaren tudun yadda in kana tsaye a ƙofar cocin ba ka ganinsu. Ni dai har yanzu ina ganin an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. An yanka tudun, an canza hanyar da mai ziyara ke bi ya hau, alhali tudun da sararin da ke kewaye da shi suna cikin zanen tun ranar farko.

Katikis Yohanna:
A'a ɗana, a nan mun rabu kuma. Duk cikin labarin nan babu abin da ya kwantar mini da hankali sai zuwan sistocin. Kai da bakinka ka ce ginin ya fahimci addu'a, yanzu kuma kana jin haushi an kawo masu yin ta dare da rana? In akwai waɗanda ke tashi da asuba suna zabura a kan tudun nan, to coci ne, ko wa ya zana shi. In babu su, gidan kallo ne ko da Fafaroma ya zana.

Bitrus:
Ba zuwansu nake ƙi ba, Baba. Inda aka sa ginin nake magana. Da an sauko da shi ƙasa kaɗan.

Mama Saratu:
An sauko da shi, Bitrus, an janye shi daga inda aka fara niyya saboda ƙorafin. Kuma ba Piano ne ya fara ƙara abu a wurin ba. Ƙararrawa ukun da ke rataye a firam ɗin ƙarfe a fili, wani mai zane, Jean Prouvé, shi ya yi musu wurin a 1975, shekara goma bayan rasuwar Le Corbusier. Hasumiyoyinsa na haske ne, ba na ƙararrawa ba. Yau ba wanda ke cewa a cire su.

Malam Nasiru:
Ni ina bayan Baba Katikis a wannan gaɓar. Masallacin Sidi Brahim da na ambata ma, ba don masu zane aka yi shi ba.

Katikis Yohanna:
Amma kada a ce na sauka daga maganata ta farko. Da ni ne Bishop a 1950, mai bi zan nema. Na dai yarda cewa limaman da suka tsaya a kansa sun yi aikinsu, kuma shi ma ya saurare su.

Alhaji Sule Magini:
Injiniya, kafin a tashi. Fatar ƙasa ta rufin aka fara zubawa sannan haƙarƙarin, ko tare? Kuma tazarar da ke tsakanin fatun biyu, mutum na iya shiga?

Injiniya Hadiza:
Yana iya shiga ya tsaya, Alhaji. Mita 2.26 a ma'aunin da Le Corbusier ya ƙirƙiro, Modulor, tsayin mutum ne mai mita 1.83 in ya ɗaga hannunsa sama. Maganar jerin zubin kuwa sai da zane a gaba za ta fahimtu. Bitrus, in kana da hoton da aka yanka ginin ta tsakiya, saka mana a nan, zan yi wa Alhaji alama a kan ginshiƙan da haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya.

Bitrus:
Yana cikin kwamfutata, Anti. Zan saka da safe in an kawo wuta.